Gidan Kaso

A motar haya tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, rediyo ya ce an tura wani gidan kaso, ba wanda ya ko ɗaga kai. Kunne ya saba da kalmar kaso. Amma baƙuwa ce: asalinta cachot, daga Faransanci, ta iso mana ta bakin 'yan uwanmu na Nijar.

Gaɓa biyu gare ta, ca da chot. Bafaranshe "kasho" yake cewa, harafin t na ƙarshe a takarda kawai yake, ba a furta shi, kuma kan gaɓar ƙarshe yake sauke nauyin murya, yadda harshensu ya gada. Mu da karin sauti muke aiki, hawa da sauka, sai muka ɗora mata namu, sh ta koma s.

Ma'anar ce ta fi tsaya mini a rai. A can, cachot ɗan ƙuntataccen ɗaki ne mai duhu, inda ake kulle fursuna shi kaɗai don horo. Ɗalibin Faransanci ma sai ya jima bai ci karo da ita ba. A wajenmu kuwa ta yi faɗi, ta ɗauke kurkukun gaba ɗaya, har da mai jiran shari'a.