Zuciya ba ta saurin mantuwa

Ranar da muka kai Baba asibiti, ni ne tafinta. Tun asuba yake dafe da ƙirji, yana cewa kamar an ɗora masa turmi. Kafin layi ya zo kanmu ciwon ya lafa. Aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, takarda ta fito, likita ya ce da Faransanci bai ga komai ba. Na juya na ce, "Baba, wai lafiyarku lau."

Ya dube ni ya ce, "To ƙarya na yi ke nan?"

Maganar ta daɗe tana cina. Bayan watanni, wani abokina ɗalibin likitanci ya kawo mini wata maƙala ta Ingilishi in taya shi karantawa. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba: ashe naman zuciya kitse yake ƙonawa, daga nan yake samun fiye da rabin ƙarfinsa. In jijiya ta toshe, jini ya ƙaranta, sai ya bar kitse ya koma sukari. Ko jinin ya dawo, ciwo ya wuce, ba ya komawa kitse nan take. Yakan kai kwana guda ko fiye.

Wannan sawun likitoci ke bi. Akwai wani kitse da aka haɗa a ɗakin bincike, BMIPP, wanda ake aiki da shi a Japan tun 1993. Ana maƙala masa aidin-123 mai fitar da haske marar ganuwa, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi kowace awa 13, a yi wa mutum allura. Lafiyayyen nama ya sha kitsen ya riƙe, kyamara ta gan shi da haske. Inda aka sha yunwar jini kuwa, sai a ga duhu. Masana na kiran abin tunawar zuciya.

Da na kai nan sai jikina ya yi sanyi. Likita cewa ya yi bai gani ba, ni na mayar da ita babu. Shekara uku ina karatun harshe, amma na kasa raba waɗannan biyu ranar da ake bukata.

Mun sake komawa, yanzu Baba yana shan magani. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Ƴan'uwa, in kun raka tsoho asibiti, ku faɗa masa abin da aka ce daidai. In kuma ƙirji ne, kada ku jira gari ya waye.