Kuɗin tikitinmu ina suke zuwa?

Ƴan uwa mata, duk ranar kasuwa muna biyan tikiti, ko da tiren ƙuli-ƙuli kawai muka kasa. Kuɗin nan kasafin komin suke shiga. A horon da muka yi tare da ma'aikatan magajin gari, tambaya guda aka koya mana: kowane layi na kasafi, wa zai amfana?

Muka duba layin "gyaran kasuwa". Ashe shagunan ƴan tireda ne, galibi na maza. Mu masu zama ƙasa cikin rana, ba inuwa ba makewayi, ko ambatonmu babu. To ai lissafin asusu ne, mun saba: wa ya zuba, wa ya ɗauka? Kafin a tsaida kasafin baɗi, ƙungiyarmu za ta kai takarda: rumfa guda da makewayin mata.