Littafi Gidan Iyaye, Fim Gidan Miji

 Yau zancen nawa Amurka zai kai mu, wajen wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu karanta littattafan zane, waɗanda yara ke kira komik, da masu mayar da su fim. Na san wata za ta ce, "To Anti, mu ina ruwanmu da wani mai tashi sama da jan mayafi?" Ki yi haƙuri ki biyo ni. Duk wadda ta taɓa raba dare tana karanta littafi, daga baya ta kalli fim ɗinsa ta ji ranta ya ɓaci, to ta san irin ciwon.

Su waɗannan jarumai tsofaffi ne. Superman ya fara fitowa a 1938, Batman a 1939, Spider-Man kuma a 1962. Mutum ya tashi da su tun yana firamare, ya girma, ya haifi 'ya'ya su ma su karanta. Don haka in aka ce za a yi fim ɗinsu, ji yake kamar 'yarsa za a kai gidan miji, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga irin riƙon da za a yi mata.

A nawa ganin rigimar kashi biyu ce, akwai ta kama akwai ta hali.

Ta kama ita ce mai yawan hayaniya. A 1988 da aka ba Michael Keaton matsayin Batman, masoya sun aika wa kamfanin Warner wasiƙun ƙorafi wajen 50,000, wai ɗan wasan barkwanci ne, ba shi da ƙirar ƙarfi. Fim na fitowa a 1989 sai ga su a layin silima, yau kuma cikin waɗanda suka taka Batman yana sahun gaba wajen farin jini. Haka aka yi wa Heath Ledger ca lokacin da aka ce shi ne Joker, abokin gabar Batman. Fim ya fito a 2008, a 2009 aka ba shi kyautar Oscar bayan rasuwarsa. Kin ga wannan kamar dangi ne da ke kushe ango kafin biki, wai gajere ne, wai ba shi da kyau, in suka ga yana riƙe musu 'ya da mutunci sai kowa ya yi gum.

Ta hali kuwa ita ce ba ta mutuwa. A 2013 aka fito da fim ɗin Man of Steel, inda a ƙarshe Superman ya karya wuyan maƙiyinsa Zod. Nan fa masoya suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ba shi da zaɓi, don Zod na shirin ƙone wasu bayin Allah da wutar idanunsa, har suna kafa hujja da cewa a wani littafin 1988 ma ya taɓa kashe shi. Ɗaya ɓangaren suka ce gaskiya ne, amma a littafin abin ya dame shi har ya bar duniya ya yi gudun hijira cikin sararin samaniya don nadama, a fim kuwa ihu ɗaya ya yi aka wuce wurin.

Ni dai ina tare da na biyun. Maganar "ba shi da zaɓi" a faɗa wa wani, ban da marubuciya. Mu muka san mai toshe wa jarumi hanya, mai riƙe da alƙalami ne. Abin da ya sa yara ke ƙaunar Superman shi ne yana da ƙarfin rushe gari amma ya danne zuciyarsa, kuma wannan ne tarbiyyar da ya baro gidan iyaye da ita. In an canza masa riga ba komai, in an taɓa wannan to wani ne daban aka ara wa sunansa.

Abin da ya sa nake jin zancen har cikin raina, ni ma an taɓa zuwa neman auren littafina. Wani furodusa ne ya zo da kuɗinsa, a lokacin da mai ɗab'i ke bi na bashi, ga rubutun littafi na gaba a jaka babu kuɗin takarda. Ya ce za a sauya garin, na ce to. Za a ƙara waƙa, na ce to. Sai ya ce jarumar tawa, wadda ta tashi ta kama sana'a ta riƙe 'ya'yanta bayan miji ya wulaƙanta ta, a fim za ta koma ta durƙusa ta ba shi haƙuri, wai haka 'yan kallo ke so. Wallahi sai da na kwana biyu ina juyi, don ina da bukatar kuɗin nan. Amma na tuna matan da suka rubuto mini suka ce yarinyar nan ce ta ba su ƙwarin gwiwa. Me zan ce musu? Na mayar masa da kuɗinsa, bashin kuma sai da na shekara ina biya kaɗan-kaɗan.

Na iya cewa a'a ne don littafin yana hannuna. Iyayen Superman ba su sami wannan damar ba. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu 'yan birnin Cleveland, su suka ƙirƙiro shi, ɗaya na rubutu ɗaya na zane, suka sayar da haƙƙinsa baki ɗaya a kan dala 130 a 1938. Kamfani ya yi ta kwasar miliyoyi, su kuwa har sunansu aka cire bayan sun kai ƙara. Sai a 1975, sun tsufa cikin talauci, Shuster ido ya kusa tafiya, aka yarda a riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, aka kuma mayar da sunayensu. Bill Finger, wanda ya yi rabin aikin Batman, ya rasu a 1974, ba a fara sa sunansa a hukumance ba sai 2015. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka 'yar uwa, in kin ji ƙannenki ko 'ya'yanki na musu a kan fim da littafi, kar ki ce shirme ne, ƙauna ce ta kawo musun. Ki tambaye su ko halin jarumin na nan, sannan ki tambaye su sunan wanda ya haife shi. Ke kuma mai sha'awar rubutu, kar ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, komai matsin da kike ciki. A yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, a faɗi abin da za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba, don ba a aurar da 'ya a rufe ido.

Allah Ya ba mu masu riƙe amana, Ya sa mu ma mu riƙe ta wasu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.