Yatsun Baffana

Baffana mahauci ne. Wata safiya wuƙa ta kuɓuce masa, ta datse jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsunsa biyu na hannun dama. Aka yi masa tiyata a birni, aka ɗinke su. Muka yi hamdala, a zatonmu magana ta ƙare.

Ashe da sauran aiki. Jijiyar yatsa tana zirga-zirga ne cikin wani siririn kube. In aka bar ta ba motsi, tabon warkewa sai ya manne ta da kuben, yatsa ya sandare. In kuma aka ja ta da ƙarfi, ɗinkin ya tsinke. Shi ya sa cikin 'yan kwanaki bayan tiyata ake fara atisaye a gaban ƙwararre, hannun na cikin maɗaurin roba da aka ƙera daidai shi na kusan mako 6, kuma sai wajen mako 12 ake barin mutum ya ɗauki abu mai nauyi.

Wa ke da mako 12? Wani abokin aikina da ya ji irin wannan rauni yana da su: albashinsa bai tsaya ba, asibitin kuma yana unguwarsu. Baffa kuwa kowane zuwa na cinye masa kuɗin mota da cinikin yini guda, ga iyali suna jira. Sau biyu ya je. A katinsa aka rubuta cewa ya daina zuwa, ba wanda ya tambaye shi dalili.

Yau yaronsa ne ke yanka, shi yana karɓar kuɗi da hannun da ba ya dunƙulewa.