GANUWAR BIRNIN YAWURI TANA ZUBEWA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata ziyara da na kai Birnin Yawuri, tsohon mazaunin sarakunan ƙasarmu, da abin da ya sosa mini rai a can.

Ni mutumin Warra ne, nan bakin tafkin Kainji. Tun ina yaro na ke jin dattawa suna ambaton Birni, amma ban taɓa tsayawa na duba shi ba, sai dai in wuce a mota in za ni Yalwa. Da na sami hutu bana sai na ce gani ya kori ji. Na yi sammako na shiga mota, muka ratsa ƙasar Ngaski, da hantsi muka sauka. Na nemi wani dattijo da ya san wurin, na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ganuwa ka zo gani? To, sai ka ɗaure takalminka, gama tana cikin gonaki."

Haka kuwa a ka yi. Muka bar gidaje baya, muka yi ta kutsawa cikin karan dawa, har muka iso wani dogon tudu na jar ƙasa wanda ya miƙe iyakar ganina, ga kwari a gindinsa. Ya ce, "Ga ta nan, wannan kwarin kuwa gwalalo ne." Wani wuri ta fi ni tsawo, wani wuri ruwan sama ya zaizaye ta, wani wuri kuma an sare ta an yi hanya, ko an kwashi ƙasar an yi tubali. Da ba a faɗa mini ba, da sai in ce jigawa ce kawai. Na hau bisa na tsaya, na duba ciki da waje, duk gona ce.

Jama'a, wannan fa ba ƙaramin gari ba ne a da. Yawuri tana cikin ƙasashen da masu tarihi ke kira Banza Bakwai, kuma fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna bi ta ƙasarta. A shekarar 1806 Bature Mungo Park ya wuce ta kogin Kwara a ƙasar Yawuri, ya je ya halaka a Busa. A 1830 waɗansu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard Lander da John Lander, suka zo har cikin Birni neman takardunsa, suka yi makonni a wurin Sarki. Su ne suka ba da labari cewa ganuwar ta ƙasa ce mai tsawo, kewayenta ya kai mil 20 zuwa 30, tana da manyan ƙofofi 8, mutanen garin kuwa suna yin albarushi da sirdi da tufafi, suna noman albasa da shinkafa da alkama da baba. Daga baya yaƙin basasa ya raba sarauta da Birni, har a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna a Yalwa, can fadar ta ke har yau.

Abin kunya, a makarantar Mishan inda na yi karatu an koya mini labarin Mungo Park har na haddace, amma ranar nan dattijon ya tambaye ni sunayen sarakunan Yawuri biyar, na kasa kawo su. Shi kuwa da bai taɓa riƙe alli ba ya yi ta jero su, yana nuna mini da sanda inda ya ji iyayensa sun ce nan ƙofa ta ke, nan kasuwa. Na tambaye shi ko akwai wanda ya ke koya wa wannan. Ya ce samari ba su da sukuni.

Ina komowa gida sai na tuna da labarin mutanen ƙasar Folan, can Turai. A babban birninsu Warso akwai tsohon gidan sarakunansu. Cikin yaƙin Hitila Jamusawa suka jefa masa bom a 1939, sa'an nan a 1944 suka tarwatsa shi sarai. Ko da ya ke ba su da sarki tun 1795, mutanen nan ba su ce abin da ya wuce ya wuce ba. Daga 1971 suka kama gina shi sabo da kuɗin da jama'a suka tara, aka buɗe shi a 1984, yanzu baƙi daga ko'ina suna zuwa kallo. Su abokan gaba ne suka rushe musu, suka tayar. Tamu kuwa babu maƙiyin da ya ke rushe ta, mu ne da fartanyarmu.

Mu mutanen bakin ruwa mun san zafin rashi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da gungu da yawa na Gungawa, aka tashi dubban mutane aka sake musu mazauni. Wannan ba yadda za mu yi da shi. Amma Birni yana tudu, ruwan tafki bai taɓa shi ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Martaba Sarkin Yawuri da majalisarsa, da Ƙaramar Hukumar Ngaski, da Gwamnatin Jihar Kebbi, su taimaka da abu uku. A hana ɗibar ƙasar ganuwa. A kafa alamu a inda ƙofofi su ke. A aiki malamai su zauna da dattawa su rubuta abin da ke bakinsu tun suna da rai, a riƙa karanta wa yara a makaranta. Ban ce a kori manomi daga gonarsa ba, a bar wa ganuwa 'yan taku kaɗan kawai.

In akwai mai karatu a Yalwa ko Shanga ko Ngaski wanda ya fi ni sanin labarin Birni, don Allah ya rubuto mu ƙaru. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Warra.