Ranar da Dattijo Ya Ƙetare Gadar Yakite

A unguwarsu ba mai kiransa da sunan yanka. Dattijo ake ce masa, gama shi ne dattijon ikkilisiya tun kafin a yi wa majami'ar rufin kwano. Mahaifinsa ya zo Bangi daga arewacin Nijeriya ta hanyar Garwa, ya rasu ya bar masa harshen Hausa da Littafi Mai Tsarki mai baƙin bango. Da Sango suke sujada ranar Lahadi, amma addu'arsa ta dare da Hausa yake yin ta.

Dukiyarsa ɗaya ce, tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux, mai injin fetur da ake kira 22R, silinda huɗu. Da ita yake ɗauko rogo da itace daga hanyar Mbaiki. Ita ce kuma motar ikkilisiya ba tare da an rubuta haka a ko'ina ba: mai naƙuda da tsakar dare, gawa, kayan zumuntar mata, duk ita ke ɗauka.

Wajen Kirsimeti na 2015 motar ta fara ciwo. In ya ɗaga ƙafa daga totur sai inji ya yi ta rawa kamar mai zazzaɓi, ya mutu. Ruwan lagireto yana raguwa, ba a ga inda yake bi ba. Wani saurayin bakanike na kusa da gida ya ƙara mata silo, ta daina mutuwa, ta koma shan mai kamar raƙumi ya iske rijiya. Da ya koma, saurayin ya ce gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, sai an sauke kan gaba ɗaya, ya faɗi kuɗin da Dattijo bai taɓa riƙe irinsa a dunƙule ba.

Matarsa ce ta faɗi abin da ya sani. Ta ce, "Maigida, ka san mai motar nan. Yana Yakite."

Ya sani. Shekara ashirin hannu ɗaya ne ke taɓa injin nan, hannun wani Bahaushe Musulmi da kowa ke kira Malam, wanda dā katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Dattijo. Sai Seleka suka kama Bangi a watan Maris 2013, 'yan Anti-balaka kuma suka auka wa birnin ran 5 ga Disamba na shekarar nan. Musulmin unguwanni suka gudu, waɗansu zuwa Cadi da Kamaru, sauran suka taru a Kilomita Biyar, unguwar babbar kasuwa, wadda ta sami sunanta daga nisanta da tsakiyar gari. Ƙaramar gadar Yakite, wadda yara ke ƙetarewa da tallan ƙosai, ta zama iyakar ƙasa biyu. Malam yana can. Dattijo ya ji labarin an kashe masa babban ɗa a kwanakin nan, bai kuwa je gaisuwa ba. Da fari hanya ce ba ta biyuwa. Daga baya, ko da aka sami kwanakin lafiya, wani abu dabam ne ya hana shi, abin kuwa yana ƙarƙashin gadonsa.

Ran 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga Kilomita Biyar, har babban masallacin Kuduku, mutane suka fara ƙetarewa kaɗan kaɗan. Dattijo ba ɗan Katolika ba ne, amma abin ya tsaya masa a rai. Baƙo daga Roma ya je, shi maƙwabci yana zaune. Duk da haka sai da ya ƙara wata biyu. A ƙarshe mota ce ta kai shi, ba ƙarfin hali ba, shi ma bai taɓa ɓoye wannan ba.

Ya iske Malam a gindin mangwaro, ba gareji, sai benci da tsohuwar taya cike da ruwa. Ya rame, gemu ya yi fari fat. Suka gaisa yadda aka saba, ina gajiya, ina iyali, kowa ya ce lafiya lau, ko da yake dukansu sun san ba haka ba ne. Sa'an nan Malam ya ce, "Dattijo, buɗe mini ita."

Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya zare sandar baƙin mai ya duba, man baƙi ne sosai, bai yi kalar shayi da madara ba. Da inji ya huce ya buɗe murfin lagireto, ya sa aka tayar, ya zura ido, ba kumfa. Ya ce in gaskit ɗin kai ne, da wuya a rasa ɗaya daga cikin biyun nan. Ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunne, ɗayan yana bi da shi gefen inji kamar likita, har ya tsaya a can baya. Ya miƙa wa Dattijo. Wani siririn fito ne, kamar na maciji.

Ya bayyana masa. Kafireta tana gauraya fetur da iska daidai gwargwado, sai manifol, wato maƙogwaron inji mai rassa huɗu, ya raba wa kowace silinda rabonta. Tsakanin manifol da kan inji akwai gaskit, ɗan falle mai kaurin kwali. Zafi da sanyi na shekaru suna busar da shi har ya tsage. Inji kuwa zuƙa yake yi, to sai iskar da ba a auna ba ta shiga ta tsagar, silindar wurin ta sami iska da yawa, mai kaɗan. A irin wannan inji ruwa ma yana ratsa manifol, shi ya sa lagireto ke raguwa. Ya nuna masa farin gishiri-gishiri da ruwan ya bari a ƙasan mahaɗar. Ya kwance fulogi na huɗu, bakinsa fari kamar alli, sauran uku sun yi baƙi saboda man da saurayin nan ya ƙara.

Ya ce, "Aikin yini ɗaya ne. Sai dai ba ni da kayan aiki kamar dā."

Nan ne Dattijo ya zagaya bayan mota, ya janye buhu, ya sauko da akwatin ƙarfe shuɗi. Malam ya dube shi, ya daɗe. Ya buɗe, ya taɓa sifanu ɗaya ɗaya, ya ɗauki mai lamba goma sha biyu, bai ce kome ba, ya juya wajen inji.

Suka cire kan batir, suka tsiyaye ruwa a bokiti. Aka sauke tukunyar iska, da tiyon mai, da wayar totur. Ƙananan tiyoyin nan masu yawa kuwa, Malam ya sa yaronsa ya ɗaura wa kowanne zare mai launi dabam, gama wanda ya dogara ga ƙwaƙwalwarsa a wurin nan zai kwana yana nema. Noti ɗaya yana ɓoye a ƙasa inda ido ba ya gani, sai da hannu ake lalubo shi. Da manifol ya fito, tsohon gaskit ya rabu biyu, rabi a nan rabi a can, ya bushe kamar ganyen kuka. Malam ya cusa tsumma a ramuka huɗun domin kada datti ya faɗa wa bawul.

Kankarewa ita ce ta ci lokaci. Kan injin da manifol duka alminiyon ne, ƙarfe mai taushi, wanda ya sa masa kurfi ko wuƙa da gaggawa zai bar zane, ta zanen nan kuma iska za ta sāke shiga ko da gaskit sabo ne. Malam ya ba Dattijo reza, ya nuna masa yadda zai kwantar da ita, shi ya ɗauki manifol a cinya. Suna zaune kusa da juna, kowa idonsa a kan aikinsa. Watakila shi ya sa maganar ta iya fita.

Dattijo ya ce, "Malam, ina tsaye aka kwashe gidanka. Kwano, ƙofofi, har tukwane. Cikin yaran akwai waɗanda na koya wa karatu a makarantar Lahadi. Ban ce musu ƙala ba, tsoro na ji. Akwatin nan a hannun ɗayansu na saye shi bayan kwana uku. Saye na yi, ban ƙwace ba, ban ma tsawata masa ba. Aka ce mini yaronka ya rasu, ban zo ba."

Reza ta ci gaba da tafiya a hannun Malam. Can ya ce, "An gaya mini kana tsaye." Ya hure ƙurar da ke kan ƙarfen. "Na riƙe ka a zuciya ƙwarai, Dattijo, ba zan yi maka ƙarya ba. Da ka yi magana da sun haɗa da kai, wannan na sani. Rashin zuwanka ne ya fi mini ciwo." Ya tambaye shi labarin ƙanwar matarsa, wadda take cikin masu gudun hijira a harabar cocin Fatima ran 28 ga Mayu 2014, sa'ad da 'yan bindiga suka buɗe wuta a wurin. Dattijo ya ce ta rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Malam ya ce shi ma bai aiko da gaisuwa ba.

Dattijo ya ajiye reza, ya yi masa ta'aziyyar da ta makara shekara biyu da wata biyu, da dukan kalmominta. Malam ya amsa da dukan nasa.

Yaron da aka aika kasuwa ya dawo hannu wofi. Kayan mota daga Duwala suke zuwa, ta Garwa-Bulai da Buwar, a lokacin kuwa manyan motoci sai da rakiyar sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suke bin hanyar. Malam ya ɗora rula ta ƙarfe a fuskar manifol, ya ga haske ba ya wucewa ta ƙarƙashi, ya ce ba ta lanƙwashe ba. Ya ɗauko takardar gaskit, ya shimfiɗa a kai, ya yi ta ƙwanƙwasa gefe-gefe da ƙaramar guduma mai kan ƙwallo, a hankali, har bakin ƙarfen ya yanke takardar da kansa, rami bayan rami. Gam ɗan kaɗan ya shafa, a kewayen hanyar ruwa kaɗai.

Aka kira azahar, ya tafi. Dattijo ya zauna gadin akwatin da ya kwana a ƙarƙashin gadonsa dare ɗari bakwai da wani abu.

Wajen ɗaurewa Malam bai bar yaro ya taɓa ba. Daga tsakiya ya fara, yana fita waje, dama da hagu, zagaye uku, kowane zagaye ya ƙara ƙarfi kaɗan. In an ɗaure gefe ɗaya tam tun da fari, ɗayan gefen zai ɗaga, in kuma an cika ƙarfi, alminiyon ya saki haƙoransa. Aka mayar da tiyoyi bisa ga zarensu, aka zuba ruwa, aka tayar. Inji ya yi ihu saboda silon da aka ƙara masa dā. Malam ya sa sukudireba a kafireta yana sassautawa, kansa a karkace, har muryar ta sauko ta zauna.

Kuɗin takarda da gam kaɗai ya karɓa, da na abincin yaro. Dattijo ya matsa, ya ƙi. Ya ce, "In ta yi mako guda ka kawo ta in sāke bin notunan, sabon gaskit yakan kwanta in ya sha zafi. Ka zo da safe. Yanzu kuwa tashi, kada magariba ta same ka a wannan gefen."

Dattijo ya ja mota. A bakin gada ya taka birki don wani mai amalanke, ya ɗaga ƙafa daga totur, inji bai mutu ba.