Kujera, Katifa, Tukunya, Tabarma

Wallahi har yanzu jikina bai daina tsuma ba. Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce, a tsakar gidanmu a Zariya, ana haɗa kayan jeren ƙanwata, abin da ya gagare ni a jami'a ya zo ya same ni har inda nake zaune. Kuma a bakin Gwaggo ya fito, wadda ko sunanta ba ta rubutawa da boko.

Ni aka miƙa wa biro da takarda, tunda ni ce 'yar bokon gidan. Gwaggo tana bakin ɗaki da carbi a hannu, tana kiran kaya ina rubutawa kafin mota ta iso. "Rubuta, 'yar nan. Kujera, katifa, tukunya, tabarma." Na rubuta. "Madubi, matashi, taɓarya." Sai na ji ƙafata tana bugun ƙasa ba da izinina ba. Na waiga, ga ɗan yayata da ba a daɗe da yaye shi ba, ya dafa turmi yana gyaɗa kai. Gwaggo ta ce, "Fitila." Ƙafata ta tsaya cak kamar na yi tuntuɓe. Yaron ma ya tsaya yana kallonmu.

Na ce, "Gwaggo, don Allah maimaita."

"In maimaita me? Kunnenki ya toshe ne?"

Na maimaita da kaina, a hankali, ina jan kowace gaɓa. Ku-jee-raa. Ka-tii-faa. Tu-kun-yaa. Ta-bar-maa. Gajeriya ɗaya, dogaye biyu, sau huɗu a jere: ta-tam-tam, ta-tam-tam, ta-tam-tam, ta-tam-tam. Fitila kuwa gajeru biyu ne sannan doguwa, ta-ta-tam, shi ya sa ta karya mini ƙafa. Kafin in ankara wata kalma da na binne tun ranar da na fito daga jarrabawa ta taso mini: fa'uulun! Ai wannan fa'uulun ne! Na yi ihu har masu daka suka tsayar da lugude.

Bari in faɗi gaskiya, aruli shi ne darasin da na fi tsana. Mu zauna a aji, a rubuta ɗangon waƙa a allo, a yayyanka shi gaɓa-gaɓa, a sa 'yar sanda a kan mai nauyi, a sa ɗan ƙugiya a kan marar nauyi. Na haddace fa'uulun da faa'ilun da mustaf'ilun kamar lambobin waya, na zuba a takarda, na samu makin tsira, na manta. Ban taɓa jin su a kunnena ba ko sau ɗaya.

Na kira Kawu, wanda ya ƙare rayuwarsa a karatun zaure. Ko gaisuwa ban gama ba na karanto masa jerin. Ya yi dariya har da tari. "Uwata, ai mutaƙarabi ke nan cikakke, ƙafa huɗu. Wa ya yi waƙar?" Na ce Gwaggo ce, kuma lissafin kaya take yi. Ya ce to ai da ma haka abin ya faro. Halilu ɗan Ahmadu, malamin Basra a ƙarni na 8, shi ya fara auna waƙoƙin Larabawa, kuma ana ba da labarin cewa a kasuwar maƙeran tagulla ya ji guduma tana sauka, tunanin ya zo masa. Ya fitar da baharai 15, wato ma'aunan waƙa, daga baya Ahfashu ya ƙara na 16, mutadarak, wanda ƙafarsa faa'ilun ce: doguwa, gajeriya, doguwa.

Ban bari ya rufe baki ba na ruga madafa da waya a kunne, ina ɗaga kaya ɗaya-ɗaya ina kiran sunansu. Luu-da-yii. Muu-ci-yaa. Tsin-tsi-yaa. Raa-ri-yaa. "Ludayi, muciya, tsintsiya, rariya!" Tam-ta-tam sau huɗu. Baharin da ya kuɓuce wa Halilu ga shi a rataye a bangon madafarmu yana shan hayaƙi. Kawu ya ce in gwada "ɗan kasuwa". Doguwa, doguwa, gajeriya, doguwa: mustaf'ilun. Ya ce in na haɗa ɗan kasuwa da ludayi na riƙe ginshiƙin basiɗi, baharin da Busiri ya ɗora Alburda a kai. Alburda fa! Wadda nake ji a maulidi tun ina goye!

To me ya hana ni jin wannan a aji? A daren na gano, lokacin da na zo kan kalmar "gado" a takardar lissafi. Gadon kwanciya gajeriya ce da doguwa, ga-doo. Gadon da ake rabawa bayan rasuwa dogaye biyu ne, gaa-doo. Rubutun boko bai bambanta su ba, haruffa huɗu ne nan da can. Ajami yana sa alif ko wawu ko ya'u inda wasali ya yi tsawo, mai karatu yana ganin nauyin gaɓa da idonsa. Mu kuwa an ba mu rubutun da ya ɓoye tsawon wasali, aka ce mu auna tsawon wasali da shi, kuma bakinmu a rufe. A ganina duk malamin da zai koyar da karin waƙa ya kamata ya fara hana ɗalibai buɗe littafi na mako guda, su yi ta tafi kawai.

Na zaro tsofaffin takarduna daga ƙarƙashin gado (na kwanciya), ga ƙura, ga kashin ɓera. Abubuwan da na kwafa ba tare da fahimta ba suka fara yi mini magana. Hausa da Larabci duka suna raba gaɓa gida biyu: baƙi da gajeren wasali marar nauyi ce, in wasalin ya yi tsawo ko wani baƙi ya rufe gaɓar ta zama mai nauyi. Shi ya sa malaman zamanin jihadi, irin su Nana Asma'u, suka ɗora Hausa a kan ma'aunin Larabawa ta zauna daram. Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi rubutu a kan wannan a mujallar Harsunan Nijeriya a 1975, kuma aure ya kira abin da ke tsakanin harsunan biyu a fagen waƙa. Aure! Ni kuma a gidan biki na gane shi. Har na tarar da inda na rubuta cewa Firdausi na Farisa, da ya kammala Shahnama a shekarar 1010, baiti wajen dubu 50, a kan mutaƙarabi ya yi ta, sai dai yana datse gaɓar ƙarshe. Wato kujera, katifa, tukunya, gado. Sarakunan Farisa da yaƙe-yaƙensu duk a kan takun da Gwaggo ta kira kayan ɗaki!

Amma kada in zaƙe in ce komai daga Basra ya zo. Aliyu Namangi, mutumin Zariyar nan, makaho ne, bai taɓa ganin 'yar sanda da ƙugiya a allo ba, kuma karin Imfiraji daga kiɗan caji ya aro shi, ya juya shi zuwa wa'azi da begen Annabi. Kalangun Shata da kuntigin Ɗanmaraya Jos ba su jira Halilu ya ba su izini ba.

Washegari da yamma masu kiɗan ƙwarya suka zo, irin amadar da marigayiya Barmani Coge ta yi suna da ita. Na zauna dab da babbar ƙwaryar da aka kifa a ruwa, kowa yana rawa ni ina ƙirga. Nan na ji abu na ƙarshe. Kiɗa ba ya jiran kowa, saboda haka in zabiya ta zo kan gajerun gaɓoɓi biyu sai ta cusa su a gurbin doguwa ɗaya, bugun bai motsa ba. Ashe fitila ba gurguwa ba ce, tana da 'yan'uwanta: fitila, tafiya, asuba, ta-ta-tam, ta-ta-tam. Larabawa ma suna da wannan takun, suna kiransa habab, wato sassarfar doki. Na miƙe tsakiyar fili ina faɗin "fitila, tafiya, asuba" ina tafi, mata suka buɗe mini suna guɗa, sun ɗauka rawa ce ta kama ni.

Gwaggo ta janyo ni da gefen mayafi, takardar lissafi a hannunta, wata jikarta ta karanta mata. "Ke 'yar nan, tabarma nawa muka saya?"

"Biyu, Gwaggo."

"To ya aka yi kika rubuta ta sau bakwai? Kuma ina fitilar? Mota ta tafi, ga ta can a kan turmi."